Yadda Ake Tayar Da Kwamfutar Da Antibairas Ya Hana Tashi

Da zarar kwamfuta ta ƙi tashi, shawarar farko da ake ba mai ita ita ce a goge komai a sake ɗora Windows. Na sha ganin an yi asarar fayilolin shekara da shekaru a banza, alhali mai laifin yana zaune ƙalau a cikin na'urar da sunan mai gadi.

Antibairas ba kamar sauran manhajoji ba ne. Direbobinsa, wato ƙananan fayilolin da ke haɗa shi da cikin Windows, suna tashi tare da Windows tun kafin ka ga wurin sa kalmar sirri, don haka in ya yi tuntuɓe, da Windows ɗin yake faɗuwa. Haka ta faru ranar 19 ga Yulin 2024, da wani sabuntawar manhajar tsaro ta kamfanin CrowdStrike ya durƙusar da na'urori kusan miliyan 8.5 a ƙiyasin Microsoft, har jirage suka kasa tashi. Maganin kuwa goge fayil ɗaya ne kacal.

Da farko tabbatar shi ne mai laifin. Matsalar ta fara ne bayan ka ɗora sabon antibairas, ko bayan ya sabunta kansa? Guda biyu ne a kwamfutar? In shuɗin allo ne ke fitowa, ɗauki hotonsa da waya, ka duba sunan fayil mai ƙarewa da .sys a ƙasa. Mai farawa da asw na Avast ne, kl na Kaspersky, mfe na McAfee.

Sai shiga Safe Mode, wato yanayin da Windows ke tashi da abubuwan da suka zama dole kawai. Daina wahalar da maɓallin F8 don shigarsa, tun daga Windows 8 aka rufe wannan ƙofar. Kunna kwamfutar, da ka ga tambarin Windows sai ka danne maɓallin wuta har ta mutu. Maimaita sau biyu ko uku, za ta kai ka allon gyara da kanta. Bi Advanced options, Troubleshoot, Advanced options kuma, Startup Settings, sannan Restart. Jerin lambobi zai fito. Ni 8 nake fara dannawa, don ita ke dakatar da direban antibairas mai riga kowa tashi, na wannan karon kawai. In ba ta yi ba, dawo ka danna 5, wato Safe Mode mai intanet. Kada ka ɗauki 4, ba ta da intanet, kuma za ka buƙaci saukar da abu. In allo ya nemi mabuɗin BitLocker, wato makullin da Windows ke sa wa fayilolinka, lambobi 48 ne, galibi suna ajiye a asusunka na Microsoft, duba ta waya.

To, ga inda kowa ke cijewa, ni ma a nan na taɓa ɓata yini guda. Ka shiga Safe Mode, ranka ya yi fari, ka danna Uninstall, sai ta ce sam. Ba kai ka yi kuskure ba. Windows Installer, wanda manhajoji da yawa ke dogara da shi wajen fita, ba ya aiki a Safe Mode. Daga nan ne sabon hannu ke fusata ya je Program Files ya goge jakar antibairas ɗin gaba ɗaya. Kul! Direbobin ba can suke zaune ba, suna cikin System32, kuma sunansu na nan a rajistar Windows. Ka sare reshe ne ka bar saiwa, kuma ka goge har da fayil ɗin da zai cire shi cikin ruwan sanyi.

Abin yi shi ne ka sauko da manhajar cirewa ta kamfanin da kansa, kyauta suke ba da ita: Avast Clear, MCPR na McAfee, kavremover na Kaspersky, ESET Uninstaller, ko Norton Remove and Reinstall. Daga shafin kamfanin kaɗai, ba daga duk inda bincike ya jefa ka ba, don ka tuna a wannan lokacin babu mai tsaron kwamfutar. In waya-fai ya ƙi kamawa a Safe Mode, wanda yakan faru, jona kebul, ko ka sauke ta a wata kwamfutar ka kawo a filasha. Wasu daga cikinsu kan nemi a sake kunna na'urar kafin su gama aiki. Ka bar su su gama. Ajiye lambar lasisinka kafin ka cire, kada kuɗinka su bi ruwa.

In ko Safe Mode ɗin ya gagara, koma Advanced options ka zaɓi System Restore, ka ɗauki ranar da ta gabaci matsalar. Ba ya taɓa takardunka da hotunanka, sai dai manhajojin da aka ɗora bayan ranar za su tafi.

Ta tashi? Buɗe Windows Security ka ga Microsoft Defender, antibairas ɗin da ke zuwa da Windows, ya kunna kansa, haka yake yi in an cire na waje. A wurina ya wadatar. In kuwa dole sai ka mayar da wancan, sauko da sabon fitowa, kada ka ɗora tsohon da ke filasharka, kuma guda ɗaya tak.