Yadda ake rage wa matashi mai asma ƙiba ba tare da ciwon ya tashi ba

Akwai wani yaro a unguwarmu, ɗan shekara 14, kullum da la'asar yana zaune a kan dakali a bakin fili, yana gadin takalman abokansa suna ƙwallo. Tun ranar da fuka ta kama shi a tsakiyar wasa mahaifiyarsa ta ce, "Kai dai zauna, ba na son abin da zai kai mu asibiti cikin dare." Tausayi ne, ba mai ganin laifinta. Sai dai zaman ya ƙara masa jiki, jikin ya ƙara masa haki, hakin ya sa ake ta sayo masa firednisolon, ƙwayar kwantar da kumburi, a kemis. Ita kuwa wannan ƙwaya, in aka yawaita ta, tana buɗe ciki, ta kumbura fuska, ta tara kitse.

Kitsen da ya taru a ciki da ƙirji yana tura tantanin da ya raba ƙirji da ciki zuwa sama, sai huhu ya kasa buɗewa yadda ya kamata, hanyoyin iska su ƙara matsewa. Kitsen kuma yana fitar da sinadarai masu haddasa kumburi a jiki. Shi ya sa rage nauyi ke cikin maganin asmar irin wannan yaro. Amma a ganina iyaye da yawa ta wutsiya suke kamo abin: sai a fara da hana abinci da tilasta gudu, alhali ƙirjin bai lafa ba.

Mataki na farko: a fara kwantar da asmar

A kai shi wurin likita, a tafi da duk magungunan da yake sha, har da na gargajiya. A nemi a yi masa gwajin busa, wanda ake auna ƙarfin huhu da shi, domin ba kowane haki ne asma ba. Wani yaron nauyi ne da rashin motsa jiki ke sa shi haki, ƙarin magani ba zai tsinana masa komai ba.

Abin shaƙa iri biyu ne. Akwai na agajin gaggawa, salbutamol, wanda aka fi sani da Ventolin, galibi shuɗi. Akwai na rigakafi irin su beklometazon da budesonaid, masu kwantar da kumburin hanyoyin iska. Tun 2019 ƙa'idar kula da asma ta duniya, GINA, ta daina amincewa a bar matashi ko babba da shuɗin kaɗai. Iyaye kan ji tsoron na rigakafin saboda sun ji dangin firednisolon ne. Gaskiya ne, amma ɗan mitsitsi ne ke shiga, kuma huhu yake nufa kai tsaye. Shi ne ma ke raba yaro da yawan haɗiyar ƙwayar da ke sa ƙiba. A kurkure baki bayan an shaƙa.

A sa ya shaƙa a gaban likita a ga yadda yake yi. Yara da dama a kan harshe suke fesa maganin. Akwai 'yar robar da ake jonawa a bakin abin shaƙar don maganin ya isa huhu. In babu, binciken da aka yi a Afirka ta Kudu ya nuna gorar roba mai rabin lita, in aka huda gindinta daidai, tana yin aikin.

A gaya wa likita idan yana minshari mai ƙarfi ko yana fama da ƙwannafi. Duka biyun suna tafiya da ƙiba, kuma suna dagula asma.

Mataki na biyu: a san inda aka tsaya da inda aka dosa

A auna nauyi da tsawo. Ana raba nauyi da tsawon da aka ninka da kansa: mai kilo 85 da tsawon mita 1.65, a ninka 1.65 sau 1.65, a raba 85 da abin da ya fito, za a samu kusan 31. Ga matashi, sai an ɗora wannan lamba a kan jadawalin shekarunsa da jinsinsa. Rage kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyi yakan kawo sauƙin asma, wato kilo 4 zuwa 8 ga wannan yaron. Rabin kilo a mako ya wadatar. Wanda kuma yake cikin tsawo, ko tsayar da nauyin wuri guda aka yi, an ci riba.

Mataki na uku: a gyara tukunyar gida duka

Kada a ware masa kwano daban yana kallon ƙannensa suna cin cincin. Kada kuma a bar kowa ya riƙa kiransa da sunan tsokana. Yaron da aka kunyata ɓuya yake yi ya ci.

A fara da rage abin sha mai sukari. Gorar lemo mai rabin lita tana ɗauke da sukari wajen ƙaramin cokali 13. A lissafa har da na shayin safe, da na zoɓo, da na fura. A nan kaɗai ana iya samun rabin nasara. Sannan a rage malmalar tuwo, a ƙara miyar ganye, a sa kwaɗon zogale ko rama ko gurji ya cinye rabin faranti. Wake, alale, dafaffen ƙwai da kifi suna riƙe ciki fiye da fanke da Indomie ɗin dare. Kada ya tafi makaranta bai karya ba, domin kuɗin tara a wurin mai soye-soye zai ƙare.

Mataki na huɗu: a mayar da shi fili

Hukumar Lafiya ta Duniya tana so 'yan shekara 5 zuwa 17 su samu minti 60 na motsa jiki kullum. Ba a nan za a fara ba. Tafiya mai ɗan sauri ta minti 10 zuwa 15, a riƙa ƙarawa duk mako. Ya ɗumama jiki kamar minti 10 kafin wasa mai ƙarfi, in likita ya ce ya shaƙi maganinsa kafin farawa, ya yi, kuma abin shaƙar ya kasance a aljihunsa, ba a gida cikin durowa ba. Wasan da ake gudu ana tsayawa ya fi masa gudun dogon zango. Yarinya kuma tsallen igiya a tsakar gida da zuwa Islamiyya a ƙafa sun isa mafari.

Da hunturu, iska mai sanyi da bushewa da ƙura na tayar da ciwon. Ya bari sai hantsi, ya rufe hanci da baki da ƙyalle. A nisanta shi da hayaƙin murhu, janareto, maganin sauro na kunnawa da turaren wuta.

Mataki na biyar: magungunan rage ƙiba

Shayin rage tumbi da ake talla a Facebook, yawancinsa gudawa yake sawa. Ruwa ne ke fita, kitsen yana nan. Akwai allurai na gaskiya: Amurka ta amince da liraglutaid ga 'yan shekara 12 zuwa sama a 2020, da semaglutaid a 2022. Suna da tsada, suna sa tashin zuciya, nauyin yakan dawo in aka daina, kuma likita ne kaɗai ke da hurumin rubuta su.

Mataki na shida: a riƙa rubutawa

A samu ƙaramin littafi. Dare nawa tari ya tashe shi a mako, sau nawa ya nemi shuɗin abin shaƙa, kilo nawa ya auna. In ya nemi shuɗin fiye da sau biyu a mako, a koma wurin likita da littafin. In kuwa ya kasa kai jimla ƙarshe don haki, ko leɓɓansa suka sauya launi, ko ya shaƙa bai ji sauƙi ba, a ci gaba da ba shi shuɗin a hanya, a nufi asibiti nan take, ko da tsakar dare ne.