Kurakuran da Ake Ta Maimaitawa Wajen Koya wa Yara Ɗauko Hoto da Gyara Shi a Kwamfuta

Ina koyar da kwamfuta a wata makaranta a nan Zariya, kuma malamai daga Samaru, Sabon Gari da Tudun Wada sukan turo mini aikin ɗalibansu in duba. Abin da ya gajiyar da ni shi ne, kurakuran ba sa canzawa. Bana su ne, bara su ne. Yaro ya shigo aji ɗaya na ƙaramar sakandare da su, ya fita aji uku da su, domin malaminsa ma haka ya koya a shagon buga takardu. Mafi yawansu kuwa ba kuɗi suke buƙata kafin a gyara su ba. Kayan aiki na halal, na kyauta, suna nan birjik, mu ne muka ƙi waiwayarsu.

Babban kuskure, wanda har yau idan na tuna raina ke ɓaci, shi ne sa wa kwamfutar makaranta manhajar sata. An ɗauka cewa idan ba Photoshop ko CorelDraw ba, to ba a fara gyaran hoto ba. Su kuma waɗannan na kuɗi ne, sai a nemo wanda aka fasa, a zuba a filash, a yi ta yawo da shi daga shago zuwa makaranta. Wani saurayi da aka ce ya iya kwamfuta ya taɓa shigowa ɗakinmu ba na nan, da kyakkyawar niyya, ya sa mana irin wannan. Kafin ya shiga sai da ya kashe manhajar tsaro, domin haka umarnin masu fasawa yake cewa kullum. Ku tsaya ku yi tunani a kan wannan: mutumin da ba ka sani ba ya ce ka sallami maigadi kafin ya shigo gidanka, kai kuma ka sallama. Da gari ya waye fayilolinmu sun ƙi buɗewa, kowane suna ya sami wata jela a ƙarshensa, ga wata takarda da Turanci ana neman a biya dala kafin a sake su. Sakamakon jarabawa, tambayoyin zangon, zane-zanen da yara suka yi wata da watanni suna yi, duk suka tafi. Ni na zauna dare da rana ina sake buga maki daga takardun malamai, daga aljihuna kuma aka biya mai gyara ya wanke injinan. Maki an dawo da su. Zanen yara kuwa babu inda za a samo shi, kuma ni na tsaya gabansu na gaya musu.

Don Allah, 'yan uwa malamai, me yaro ɗan shekara goma zai yi da Photoshop wanda ba zai yi da na kyauta ba? Ga Tux Paint, wanda Bill Kendrick ya fitar tun 2002 musamman don yara daga shekara 3 zuwa 12, da manyan maɓallai da hatimai da sauti, yaron da bai gama iya karatu ba ma yana sarrafa shi. Ga GIMP don gyaran hoton da aka ɗauka da kyamara, an fara shi tun 1995, a 2025 kuma aka fitar da GIMP 3.0. Ga Inkscape don tambari da fosta da katin gayyata, aikin da ake yi da CorelDraw. Ga Krita ga mai hannun zane. Duka kyauta ne, ba a ɓoye ba, masu su ne suka sake su. Al'adata ita ce in sauke kowanne daga shafinsa na asali sau ɗaya, in ajiye a filash guda da ba na ba kowa aro, da shi nake zagaya dukkan injinan. Bayan an sa su ba sa neman data. Asusun da yara ke shiga da shi kuma ba ya da ikon sa sabuwar manhaja, kalmar sirrin babban asusu tana wurina ni kaɗai. Wasu na cewa na cika tsanani. Na ji, ban canza ba.

A nan ma akan yi wani ƙaramin kuskure: a ɗora ɗan firamare a kan GIMP. Zai ruɗe ya tsani abin. A bar shi da Tux Paint har hannunsa ya saba da linzami.

Na biyu shi ne ɗauko hoto kai tsaye daga binciken Google. Yaro ya rubuta abin da yake nema, hoto ya fito, ya danna ya ajiye, shi ke nan. Malam ma ya yaba. Google fa ba shi ya mallaki hotunan nan ba, nuna maka kawai yake yi inda suke, kuma kusan kowanne da mai shi. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023, tana kare zanen mutum duk tsawon rayuwarsa da shekara 70 bayan rasuwarsa. Akwai sassauci ga abin da ya shafi koyarwa, amma kalandar da za a sayar wa iyaye ta riga ta fita daga aji. Ko da babu doka ma, haƙƙin wani ne. Muna koya wa yaro kada ya ɗauki biron ɗan uwansa ba da izini ba, sannan mu zauna kusa da shi yana kwashe gumin masu zane muna cewa ya yi ƙoƙari.

Ga kuma asarar kuɗi, wadda ita ce ta fi saurin shiga kunnen mutane. An taɓa haɗa mana babbar tuta ta ranar rabon kyaututtuka, aka kai wa masu bugawa ba tare da an nuna mini ba. Da aka warware ta a filin taro, hoton littafi da fitilar da ke tsakiya ya dagargaje ya zama 'yan murabba'ai, ga sunan kamfanin da ke sayar da hoton kwance a kansa daga kusurwa zuwa kusurwa, ana karanta shi daga nesa. A fuskar waya ba a lura da shi ba, da aka faɗaɗa ya fito ɓaro-ɓaro. Dole aka sake bugawa a daren, kuɗi biyu, kuma da yake ɗakina aikin ya fito, ni aka kalla. Lissafin ba shi da wuya. Bugu mai kyau a takarda yana son ɗigo 300 a kowane inci. Hoton da zai cika takardar A4 ke nan yana buƙatar fiksel, wato ɗigon da ke haɗa hoto a kwamfuta, 2480 a faɗi da 3508 a tsawo. Wanda faɗinsa fiksel 600 ne, iyakarsa inci biyu, wato kusan santimita biyar. Ja shi ya fi haka ba ya ƙara masa komai sai dishi-dishi. Wannan lissafin nakan rubuta shi a allo tun makon farko, kuma babu yaron da zai ajiye hoto a ɗakina bai faɗa mini girmansa ba.

Inda nake tura su shi ne Openclipart, wanda yake aiki tun 2004. Duk zanen da ke cikinsa an sake shi ga kowa a ƙarƙashin alamar CC0: ka ɗauka, ka canza, ka buga, ka sayar, babu neman izini. Kuma zanen nau'in SVG ne, wanda aka gina da layuka ba da ɗigo ba, don haka ko girman bango ka ja shi ba ya fashewa, a Inkscape kuma yaro na iya canza launin riga ko ya cire hula. Wikimedia Commons ya fi yawan kaya, amma can sai an karanta abin da ke ƙasan kowane hoto. Idan an rubuta CC BY, wajibi ne a ambaci sunan mai shi. Idan CC BY-SA ne, abin da ka haɗa da shi ma sai ka sake shi da irin wannan sharaɗin. Pixabay da Unsplash kyauta ne, amma kowanne yana da nasa lasisin, ba CC0 ba ne yanzu, kuma a cikin sakamakonsu akan cusa tallan hotunan sayarwa, yara kuwa su suke fara dannawa. Ni dai kowane ɗalibi yana da shafi a bayan littafinsa inda yake rubuta sunan hoto, inda ya samo shi, da lasisinsa. Babu shafin, babu maki.

Sauran ƙanana ne, amma suna ɓata aiki. Jan hoto ta gefe har fuskar shugaban makaranta ta baje: a ja ta kusurwa, a Inkscape a riƙe Ctrl. Ajiye zane mai fayau ɗin baya, wato wanda ake ganin abin da ke bayansa, a nau'in JPEG, sai ya fito da farin akwati a kan fosta mai launi: PNG ake so. Hoton da aka zana masa 'yan murabba'ai fari da toka a baya don ya yi kama da fayau, alhali ba haka ba ne, a gwada ɗora shi a kan launi tukuna. Sake ajiye JPEG ɗaya sau da yawa yana cin ingancinsa a kowane karo, a riƙe na asali daban. A GIMP, danna Save yana ba da fayil XCF wanda waya ba ta buɗewa, Export As ne ke fitar da hoto. Tura aiki ta WhatsApp a matsayin hoto yana matse shi, a tura shi a matsayin takarda. Ajiyewa kuwa, duk wanda ya san halin wutarmu bai kamata a tuna masa ba, amma nakan tafa hannu lokaci-lokaci, kowa ya danna Ctrl da S.

Akwai wanda ya shafe mu mu kaɗai: haruffa masu ƙugiya. Yaro ya zaɓi salon rubutu mai ado, ya rubuta ƙofa ko ɗalibi, sai ƙ da ɗ su zama akwati, shi kuma ya cire ƙugiyar ya huta. Kada a yarda. Andika, wanda aka tsara don masu koyon karatu, da Charis SIL da Noto Sans duk kyauta ne kuma suna ɗauke da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Kafin a kai wa masu bugawa, a mayar da rubutun ya zama zane a Inkscape ta Object to Path, a fitar da PDF, ta yadda ko injinsu ba shi da salon ba abin da zai sauya.

Abin da ke damuna bayan duk an gyara waɗannan shi ne abin da ke cikin hotunan kansu. An ce yaro ya yi fosta a kan garinmu, sai ya kawo gida mai bututun hayaƙi da dusar ƙanƙara a kan rufi, domin shi ne ya fito da ya nemi hoton gida a intanet. Yaron nan kullum yana wucewa ta Ƙofar Doka. Ya san fadar Sarkin Zazzau da zanen da ke bangonta, ya ga Dutsen Kufena, an gaya masa labarin Babban Gwani Muhammadu Durugu da ya gina masallacin Juma'a na cikin gari. A garin nan ne a 1958 ɗalibai irin su Uche Okeke, Demas Nwoko, Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya, a kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, suna cewa a ɗauki dabarar waje a zana abin gida da ita. Mu kuma yau muna barin 'ya'yanmu suna manna tuffa a inda ya kamata a ga mangwaro da goruba.

Saboda haka a ɗakina, zanen da aka sauke ba ya wuce ɗaya a fosta. Sauran sai yaro ya zana a takarda mu ɗauka da waya, ko ya ɗauki hoton tukunya, faifai, dagi a jikin zaure, ya cire bayansa a GIMP. Muna tara su a folda guda da ajin baya ke gadar wa na gaba. Sharaɗi ɗaya ne ba na sassautawa: fuskar mutum ba ta shiga foldar sai da izininsa, ta ɗalibi kuma sai da izinin iyayensa, kuma ba a ɗora hoton yaro a intanet da sunansa da rigar makarantarsa a jiki.