Babi na 7: Idon akuya da ma'aunin cikin kunne

Darasi na 1

Ɗauki dutse ka sake shi. Ƙasa zai faɗi, domin ƙasa tana jawo komai. Dabba da kunne take jin wannan jan. Can ciki, bayan dodon kunne, akwai 'yan jakunkuna 2 masu ƙananan tsakuwoyi na sinadarin alli, da bututu 3 masu lanƙwasa cike da ruwa. Idan kai ya karkata, tsakuwoyin su zame, su danne siraran gashin da ke ƙarƙashinsu, saƙo ya tafi ƙwaƙwalwa, ita kuma ta juya ido ba da niyyar dabbar ba. Bututun kuwa juyawar kai suke ji. Jakunkunan da bututun su ne ma'aunin cikin kunne.

Ka duba akuya tana kiwo a bakin kogi nan garin Maiurno na Sudan. Ƙwayar idonta, wato baƙin da ke tsakiya, doguwa ce, a kwance. Ta sunkuyar da kai, amma ƙwayar tana nan daidai da shimfiɗar ƙasa, domin idon ya mirgina. Shi ya sa tana ci tana hangen kare daga gefe.

Darasi na 2: Gwajin ido

Kai dabbar inuwa. Mutum ɗaya ya riƙe jikinta, kai ka tallafi haɓa. Juya kan a hankali zuwa dama, sannan hagu. Za ka ga idon yana 'yan tsalle-tsalle. Wannan lafiya ce, kada ka tsorata.

Yanzu tsayar da kan cak. Ƙirga 1 zuwa 10. Idon mai lafiya zai tsaya shi ma. Idan kai a tsaye yake amma ido na rawa, akwai ciwo.

A nan yawancin ɗalibai ke tuntuɓe, ba abin kunya ba ne. Mu sake: kai na motsi, ido na motsi, lafiya. Kai a tsaye, ido na rawa, ciwo. Kai a tsaye, 'yan uwa! Ku faɗa da ƙarfi, ku rubuta a allo sau 5. Haba Malam, ta yaya za ka gane ciwo alhali hannunka na jijjiga kan? Wasu ko ƙirgar ba sa yi, sai su ruga su ce akuya ta haukace. Wannan ganganci ne. Tsayar da kan, sannan ka duba.

Darasi na 3

Dabba mai wannan ciwon takan karkatar da kai wajen kunnen da ya lalace, ta riƙa kewaye, ta faɗi. Ciwon cikin kunne na jawo shi, ko ruɓaɓɓen abinci, ko tsutsar da kashin kare ke yaɗawa a makiyaya. Kada a jefa wa kare kan tunkiyar da ta mutu da wannan alamar. Kada a zuba mai a kunnen, kada a yi mata ɗure in ba ta iya haɗiya. A kira likitan dabbobi ranar.

Darasi na 4

Ɗauki kaza, karkata jikinta a hankali. Kan zai tsaya wuri ɗaya, da taimakon ma'aunin cikin kunne. Rubuta abin da ka gani cikin layuka 2.