In ana dariya a gaban tsoho, ga yadda za a yi kar ya ɗauka da shi ake

Kakarmu da muke ce ma Iya ita ce sarkin barkwanci a gidanmu, in ta kama ka da wasan jika sai ka gudu ɗaki. Amma shekara biyun nan sai ta canza, muna zaune a tsakar gida bayan isha'i wani ya faɗi abu a kwashe da dariya, sai ka ga ta tsuke fuska ta ja mayafi tace "ni kuke wa ko?" Wallahi abin ya daɗe yana ci min rai kafin na gane ba halinta ne ya sauya ba, kunnenta ne.

Shi jin tsufa ba lokaci ɗaya yake tafiya ba, siraran sautuka ne ke fara ɓacewa irin su s da sh da f, shi ya sa tsoho zai ce maka yana jin murya amma bai gane me aka ce ba. Ita kuwa dariya da ƙarfinta take zuwa, tsaf take shiga kunne. To ka ga maganar ta wuce shi, dariyar ce kawai ta iso, sai zuciya ta cike gurbin da zargi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da kashi 25 cikin 100 na waɗanda suka haura shekara 60 suna da raunin ji mai nakasa, kenan ba gidanmu kaɗai ba ne.

Abu na farko, kuma shi na fi so ku riƙe, in ya tambaya me ake wa dariya kar ka kuskura kace "ba komai Baba". Wannan kalmar ita ke kashe su. Matso kusa ka maimaita masa labarin tun daga farko ko da daɗinsa ya ragu, ka faɗi sunan wanda ake tsokana don ya san ba shi ba ne. Wani masani ɗan Amurka, Robert Provine, ya gano mutum ya fi yin dariya ninki 30 in yana cikin jama'a a kan in yana shi kaɗai, wato dariya cewa take muna tare, wanda aka bari a waje kuwa dole ya ji zafi.

Sannan ku zauna inda zai ga fuskokinku, inda akwai haske, domin da ido yake ƙarasa abin da kunne ya kasa. A rage talabijin, in janareta na ruri a matsa nesa da shi. Kar a yi masa ihu, ihu yana ɓata sautin kuma ya sa fuskarka ta yi kamar mai faɗa, ka dai yi a hankali baro-baro. Raɗa da ƙus-ƙus a bayansa kuwa a bari gaba ɗaya, haka ma yaran da ke kallon waya suna ƙyalƙyatawa su nuna masa abin.

A kai shi a duba kunnen, wani lokaci dattin kunne ne kawai ya toshe, wani lokaci na'urar ji zai buƙata. Akwai cibiyar kula da kunne ta ƙasa a Kaduna, manyan asibitoci ma suna da likitan kunne.

Amma in dariyarsa ce da kanta ta canza, yana yi a wurin makoki, ko bayan shanyewar ɓarin jiki ta riƙa ƙwace masa ba dalili har ta koma kuka, wannan ba na kunne ba ne, a ga likitan ƙwaƙwalwa. A 2015 masu bincike a Landan sun nuna sauyin abin da ke ba mutum dariya yana iya zama alamar farko ta wani nau'in ciwon mantuwa.

Iya dai yanzu kusa da ni take zama, ɓangaren kunnenta na dama, jiya ma ita ta fara tsokanata wai matata ta fi ni cin tuwo.