Yadda ake duba wasan kwaikwayon ɗan ajinku idan don wani wuri ya rubuta shi

Duk wanda ya yi darasin rubutun wasan kwaikwayo ya san aikin nan da malami kan bayar, wato kowa ya je ya zaɓi wuri ya rubuta gajeren wasan da za a yi a nan ɗin, sannan ku duba wa juna kafin a kawo masa. Wani ya ɗauki zaure, wani gindin darbejiya a bayan laburare, wata kuma bakin famfon ɗakin kwanan ɗalibai. To abin da yake ci min rai shi ne sai a tura rubutun a guruf ɗin WhatsApp kowa ya karanta yana kwance a katifa, wannan ya ce ya yi kyau wallahi, wancan ya kama gyaran waƙafi da aya, shi ke nan an gama dubawa. Alhali fa wurin nan da ya zaɓa shi ne rabin wasan, kuma ba wanda ya je ya gan shi.

Ku dubi Drama Village, wurin yin wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, ginin ƙasa ne da Ba'amurken nan Steven Ehrlich ya zana a shekarun 1970 zamanin da Michael Etherton ke koyar da wasan kwaikwayo a can, ɗakuna zagayayyu sun kewaye fili kamar tsakar gidan Bahaushe. Wasan da aka rubuta don irin wannan wuri in ka kai shi babban ɗakin taro mai dandamali a gaba da kujeru a jere sai ka ga ya ƙi zama. Ko 'yan tashe sun san haka, ƙofar gida suka yi wa wasansu, shi ya sa yake gajere da waƙa da amshi, a gama a karɓi sadaka a yi gaba.

Abu na farko, kada ka buɗe rubutun tukuna. Je ka wurin, kuma a daidai lokacin da marubucin ya ce za a yi wasan, don wurin da ka gani shiru da hantsi yana iya zama kasuwa bayan la'asar. Ka ƙirga ƙofofi, ka taka daga ƙofa zuwa tsakiya ka ji taku nawa ne, ka tsaya ka saurara ko akwai janareta a kusa ko titin da 'yan adaidaita ke bi, ka duba ina rana take faɗuwa ko za ta shiga idon 'yan kallo, in da masallaci a kusa ka lissafa ko kiran salla zai riski wasan a tsakiya. Rubuta duka a littafinka.

Daga nan ka yi wa mai wasan tambaya biyu kacal: ina 'yan kallo za su kasance, a zaune ko a tsaye, kuma me ya fi damun sa a rubutun da yake so a duba masa. Da ya amsa sai ya kama bakinsa har a gama.

Yanzu sai babban aikin, karatu a tsaye a wurin. Ku raba wa juna 'yan wasan, kowa da takarda a hannu yana karantawa yana motsi yadda aka rubuta, amma shi marubucin ba ya karanta ko layi ɗaya, nasa kallo ne. Masu dubawa kuma kada ku cunkushe waje guda, ɗaya ya zauna gaba, ɗaya gefe, ɗaya ya tafi can ƙarshen inda ɗan kallo na ƙarshe zai tsaya. Na taɓa zama a irin wannan karatu, wata 'yar ajinmu ta rubuta wasa don bakin famfo, duk labarin ya rataya ne a kan magana ɗaya da uwa ta raɗa wa 'yarta yayin da take taya ta ɗaukar bokiti. A takarda wurin nan har tsigar jiki yake tayarwa, amma ni da aka ajiye a baya ban ji komai ba, na dai ga bakin uwar yana motsi ruwa na zuba a bokiti. A fili babu bangon da zai dawo da murya, raɗa ɓacewa take yi. Da na faɗa mata ba ta mayar da raɗar ihu ba, sai ta sa 'yar ta saki bokitin ya kife sannan ta maimaita maganar da ƙarfi cikin firgita, kowa ya ji, kuma fitowar ta fi ta farko kyau nesa ba kusa ba.

Ku sa ido sosai a kan shiga da fita, nan ne ɗalibai suka fi tuntuɓe. Zaure ƙofa biyu gare shi, ta waje da ta cikin gida, to in an rubuta saurayi ya gudu waje a daidai lokacin da maigida ke shigowa daga waje ai karo za su yi, sai dai in karon ake so. Haka in 'yan kallo sun kewaye fili, duk inda ɗan wasa ya juya akwai wanda ya ba baya, don haka doguwar magana a tsaye wuri ɗaya tana nufin wasu ƙeya kawai za su yi ta kallo. Wanda ya zauna a wannan ɓangaren shi zai faɗa.

Bayan an gama karatun akwai tambayar da nake ganin ta fi kowacce nauyi: in aka ɗauke wasan nan aka kai shi cikin aji, me zai lalace? In amsar ita ce babu, to marubucin bai yi amfani da wurin ba, sunansa kawai ya rubuta a saman shafi. Ku nuna masa abin da ke wurin da bai taɓa ba, dakalin da ba wanda ya zauna a kai, tagar da za a iya leƙowa, saiwar bishiyar da yaro zai iya ɓuya a bayanta.

Wajen faɗar ra'ayi kuma, faɗi abin da ka gani da abin da ka ji daga inda kake. "Daga gefen hagu ban ga fuskar amarya ba tun daga shigowarta har fitarta" magana ce da zai iya aiki da ita. "Da ni ne da kaza zan yi" wannan wasanka ne kake son rubutawa da hannunsa, bar shi. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba, amma in gyaran ya kai goma sha daga bakin mutum ɗaya sauke mu raba ɗin zai ji, saboda haka kowa ya tsaya a kan uku, ya fara da wurin da ya kama shi da gaske ya faɗi dalili. Akwai kuma kunya irin tamu, ƙarami ba ya son ya gyara wa na gaba da shi, aboki ba ya son ɓata wa aboki. Maganinta ƙananan su fara magana kafin manya su buɗe baki, ko kowa ya rubuta nasa a takarda tun kafin a ji na wani. Wani daban ya riƙa rubuta wa marubucin abin da ake faɗa, don mutum in ana magana a kan aikinsa rabi kawai yake ji.

In wurin na jama'a ne ku tambaye shi ko ya nemi izinin mai gidan ko mai unguwa ko masu gadi, kuma ko akwai kalmar da ba za ta faɗu a ƙofar gidan mutane ba.

Ku ba shi kwana uku ko huɗu ya gyara, sannan ku koma wurin a lokaci irin na farko ku sake karantawa, amma ku yi musayar wuri, wanda ya zauna gaba ya koma baya. A wannan karon shi ma marubucin ku tura shi can ƙarshen fili, inda aka fi shan wahalar ji, ya tsaya a nan har a kai layin ƙarshe.