Yadda ake tafiyar da jerin magungunan asibitin gwamnati

Babu asibitin gwamnatin da ke da kuɗin sayen duk maganin da ke kasuwa, don haka dole a zaɓa, a rubuta, a kuma tsaya a kan abin da aka rubuta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerinta na farko na muhimman magunguna a 1977, Najeriya ta yi dokar nata a 1989. Asibiti a Kaduna ba sabon jeri zai ƙirƙiro ba. Na ƙasa zai ɗauko ya rage shi daidai matakinsa, domin abin da Asibitin Koyarwa na Barau Dikko ke buƙata ya fi ƙarfin cibiyar lafiya ta mazaɓa.

A fara da kwamiti: babban likita ya shugabanta, shugaban sashen magunguna ya riƙe sakatare, sai shugabar nas-nas, ungozoma, mai ɗakin gwaji da akanta. Su zauna duk wata uku. Wanda kamfanin magani ya ɗauki nauyin tafiyarsa ko ya yi masa ihsani ya faɗa, ya fita in an zo kan maganin kamfanin. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Kowane magani a rubuta shi da sunansa na asali, ba na kamfani ba, tare da ƙarfinsa, siffarsa (ƙwaya, ruwa ko allura) da matakin ma'aikacin da aka yarda ya rubuta shi. "Amoxicillin" kawai bai isa ba; na yara mai narkewa a ruwa 250mg daban yake da kafso 500mg. A aji ɗaya, wato magungunan da ke aiki iri ɗaya, magani ɗaya ko biyu sun wadatar. Maganin hawan jini iri shida masu aiki ɗaya kuɗi kawai suke daskarewa a kan kanta. Mai son a ƙara sabo ya cika fom: wace cuta, wace hujja, nawa ne kuɗin cikakken magani ga mutum ɗaya, kuma wanne zai fita.

Sai a kasa jerin uku: masu ceton rai, masu muhimmanci, da waɗanda rashinsu ba ya kisa. Allurar artesunate ta zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, oxytocin na tsayar da zubar jini bayan haihuwa, magnesium sulphate na jijjigar masu ciki, insulin, ruwan ƙari da maganin sarar maciji suna kashin farko. In kuɗi ya gaza, daga ƙasa ake yankewa.

Inda aka fi tafka kuskure shi ne lissafin abin da za a nema. A ce katin sito ya nuna an ba da kafso 9,000 a kwana 90. Mai gaggawa zai raba uku ya ce 3,000 a wata. Amma in kwana 30 daga ciki maganin ya yanke, ainihin abin da ake sha 4,500 ne, tunda a wata biyu aka cinye su. Wanda ya nemi 3,000 zai sake yankewa, katin ya sake nuna ƙaramin adadi, a haka har a ɗauka maganin ba ya tafiya. Shi ya sa ake rubuta ranar da kaya suka ƙare da ranar da suka dawo. A ƙara ajiyar ko-ta-kwana ta wata ɗaya, da ta kwanakin da oda ke yi a hanya. A kuma duba yanayi: lissafin rani ba zai riƙe maganin zazzaɓin cizon sauro a Agusta da Satumba ba, sarar maciji kuma lokacin noma da girbi take yawa.

Ko daga KADHSMA, hukumar samar da magunguna ta Jihar Kaduna, kaya suka zo ko daga ɗan kwangila, kada a sa hannu sai an buɗe kwali an ga lambar NAFDAC, lambar rukuni da ranar lalacewa. Mai kusa da lalacewa shi ke gaba a kan kanta, ko da shi ya zo daga baya. Kwalaye a kan katako, ba a ƙasa ba, ba jingine da bango ba. Oxytocin na son sanyin digiri 2 zuwa 8. In ya daɗe a durowar ɗakin haihuwa cikin zafin Maris da Afrilu, kwalbar ba za ta sauya kama ba, amma ƙarfinsa na raguwa, sai ranar da jini ya ɓalle wa mai jego ake ganewa.

Duk wata a zaro takardun magani 30 ba tare da zaɓe ba, a ƙirga nawa ne ke cikin jeri, nawa aka rubuta da sunan asali, nawa ke ɗauke da maganin kashe ƙwayoyin cuta. Ceftriaxone, ɗaya daga cikin magungunan kashe ƙwayoyin cuta, yana rukunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a sa wa ido, amma sai ka ga ana ɗirka wa mai mura. A kai sakamakon gaban kwamiti sashe-sashe, ba da sunan mutum ba. An fi gyaruwa a haka.

Kuɗin asusun juya magani kuwa, wato kuɗin da aka sayar da magani don a sake sayo wani, a bar shi a asusunsa. Da zarar an ara an sayi dizal, ko an ba manya magani bashi babu rubutu, odar wata mai zuwa ta ragu, majinyaci kuma ya koma kemis ɗin bakin get da takardarsa a hannu.