Yadda Ake Gano Matsala Idan Kwamfuta Ta Ƙi Tashi Daga Faifan Ajiya

Akan kunna kwamfuta a ji fanka tana juyawa, tambarin kamfani ya bayyana, amma maimakon Windows ta buɗe sai allo ya yi baƙi da ɗan rubutu kamar "No bootable device" ko "Operating system not found", yayin da kwamfutocin HP kan rubuta "Boot Device Not Found" tare da lambar 3F0. Duk waɗannan saƙonni abu guda suke nufi, wato BIOS, ƙaramar manhajar da ke fara aiki da zarar an kunna na'ura, ta nemi inda za ta ɗauko babbar manhaja ba ta samu ba. Wannan ba ya nufin bayanan da ke ciki sun salwanta, kuma babban kuskuren da ake tafkawa shi ne garzayawa a yi wa faifan fomatin tun ba a san abin da ya faru ba, domin fomatin kan shafe takardu da hotunan da sau da yawa lafiyarsu ƙalau.

Da farko a cire duk wani filash da katin ajiya da ke maƙale a jikin kwamfutar, a sake kunnawa, domin wani lokaci na'urar tana ƙoƙarin tashi ne daga filash ɗin da aka manta da shi.

Idan hakan bai yi ba, sai a shiga BIOS ta hanyar danna maɓallin da ya dace ana maimaitawa da zarar an kunna: F2 a Dell da Acer, F10 a HP, F1 a ThinkPad na Lenovo, Del a yawancin kwamfutocin tebur. Tambaya guda ake son amsawa a nan: shin BIOS tana ganin faifan kuwa? Za a ga sunansa da girmansa, misali 256GB ko 500GB, a shafin bayanai ko a jerin abubuwan da ake iya tashi daga gare su. Daga wannan amsar hanya ta rabu biyu.

Idan babu sunan faifan, to galibi matsalar ta ƙarfe ce, wato ta kayan na'urar ba ta manhaja ba, kuma babu wani umarni da za a rubuta ya gyara ta. A kara kunne a jikin na'urar a saurara. Faifan HDD mai juyawa idan yana ƙarar ƙyas-ƙyas a kai a kai, alama ce ta cewa allurar da ke karanta bayanai ta samu matsala, kuma abin da ya dace shi ne a kashe nan take, domin kowace kunnawa tana iya ƙara ƙarzar fuskar faifan. Shi kuwa faifan SSD ba shi da abin da ke motsi, saboda haka yakan mutu shiru. Idan ba a ji ƙara ba, a kashe kwamfutar, a zare wayar wuta da batir idan yana ciruwa, a taɓa wani ƙarfe domin sauke lantarkin jiki, sannan a buɗe a zare faifan a mayar da shi daram. A kwamfutar tebur a sauya wayar SATA, wadda ke haɗa faifan da babban allon kwamfutar, ko ramin da take shiga. A tafi-da-gidanka mai ɗan siririn faifan nan da ake kira M.2 kuwa a duba ɗan notin guda da ke riƙe da shi. Jijjigar hanya da ƙurar hunturu sun isa su sa haɗin ya saki.

Idan kuma BIOS tana ganin faifan, a fara da duba kwanan wata da agogo, abin da mutane da yawa ke tsallakewa. Idan kwanan watan ya koma shekarun baya, batirin CMOS ne ya ƙare, wato ɗan batirin nan mai kama da kwabo, wanda galibi lambarsa CR2032 ce, mai ƙarfin bolt 3. Shi ke riƙe da saitin BIOS idan babu wuta, kuma idan ya mutu saitin yakan koma yadda ya fito daga kamfani, abin da ake yawan gani a kwamfutocin da aka saya na hannu. Saiti uku ne ke jawo wannan matsala. Na farko jerin tashi, inda ya kamata "Windows Boot Manager" ko sunan faifan ya kasance a sama. Na biyu zaɓi tsakanin UEFI da Legacy, wato sabon tsarin tashi da tsohon: Windows ɗin da aka ɗora a tsarin UEFI tana kan faifan da aka raba da tsarin GPT, wadda aka ɗora a Legacy kuma tana kan MBR, don haka idan saitin ya juya, na'urar za ta duba faifan ta ce babu komai alhali komai yana nan. Windows 11 dai UEFI take buƙata. Na uku shi ne yanayin SATA, wato yadda na'urar ke mu'amala da faifan, tsakanin AHCI da RAID, wanda sauya shi kan haifar da shuɗin allo mai ɗauke da "INACCESSIBLE BOOT DEVICE". A riƙa sauya saiti ɗaya a lokaci guda, kuma a ɗauki hoton allon da waya kafin a taɓa komai, domin a san hanyar komawa.

Idan saitin daidai yake amma har yanzu ta ƙi tashi, mai yiwuwa fayilolin tashi ne suka lalace, abin da kan faru idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar sabunta Windows. A ganina, kafin kowane gyara a fara kwashe bayanai. A ɗora Ubuntu, wata babbar manhaja da ke iya aiki daga filash ba tare da Windows ba, a kan filash ta amfani da wata kwamfutar, a tashi daga filash ɗin, da F12 a Dell ko F9 a HP, a zaɓi gwadawa kawai ba ɗorawa ba, sannan a kwafe muhimman fayiloli zuwa wani faifan. Idan faifan a kulle yake da BitLocker, tsarin kulle bayanai na Windows, za a buƙaci mabuɗin ceto mai lambobi 48, wanda sau da yawa yana ajiye a asusun Microsoft na mai kwamfutar.

Bayan an kwashe, a haɗa filash na Windows da Media Creation Tool, kayan aikin Microsoft na haɗa irin wannan filash, wanda ke buƙatar filash mai aƙalla 8GB kuma zai shafe duk abin da ke kansa. A tashi daga gare shi, a zaɓi gyaran kwamfuta maimakon ɗora sabuwa, a gwada Startup Repair. Idan ya gaza, a buɗe Command Prompt, wato tagar da ake rubuta umarni. A tsarin Legacy akan rubuta bootrec /fixmbr, sai bootrec /rebuildbcd. A tsarin UEFI kuwa bcdboot C:\Windows ne ke sake rubuta fayilolin tashi. Sai dai a kula, a wannan wuri harafin faifan Windows ba lallai ya zama C ba, saboda haka a fara shiga diskpart a rubuta list volume domin tabbatarwa.

Ko da kwamfutar ta tashi, a gwada lafiyar faifan da gwajin da kamfani ya saka a ciki, wanda ake samu da F2 a HP, ko a jerin da F12 ke buɗewa a Dell. Idan gwajin ya nuna faifan ya gaza, kada a dogara da shi don kawai ya tashi yau. A sayi sabo, zai fi kyau SSD, a ɗora Windows a kansa, a mayar da fayilolin da aka kwafe.